Wata Uku

Babana ya san dabara.
Duk daren jajibirin zuwa asibiti
ba ya taɓa shinkafa, ba ya kallon roti,
ya kurɓi shayi lami, ya kwanta da kaji.
Da safe Sista Litiana ta soki ɗan yatsa,
na'ura ta ce shida da ɗigo biyu.
Ya fito yana murza gashin baki
kamar wanda ya yi wa ɗan kasuwa wayo.

Shekara arba'in Bisun Dayal na saran rake
a bayan garin Labasa,
inda ɗan jirgin ƙasa ke jan kaya zuwa masana'anta
yana tari kamar tsoho.
Zaƙi ne ya rufa mana ɗaki da kwano.
Zaƙi ne ya biya mini makaranta
har na sa farar riga,
na zauna gaban injin da ba ya jin lallashi.

Ran Talata kwalabe suka iso a jere.
Ta sha ɗaya, da sunansa a jiki,
rubutun Litiana, mai karkata hagu.

Baba, yatsa labarin safiya ɗaya ya sani.
Jajayen ƙwayoyin jini kuwa
wata uku suke yawo cikin mutum,
suga na manne musu kamar ƙaiƙayi a rigar mai girbi.
Sun je bikin 'yar Kamla tare da kai.
Sun ga daren fitilu, sun ƙirga laddu.
Sun san kwalbar lemon da ke ɓoye bayan buhun taki.
Tara da ɗigo huɗu, in ji su,
ba su ɗaga murya ba.

Sai ƙaramin kofi mai jan murfi.
Fitsari garau, ba kumfa, ba launi,
ido zai rantse lafiya lau.
Amma furotin da ya kamata ya tsaya a jini
ya fara zurarewa.
Iyaka talatin.
Naka sittin da takwas.

Na yi ta juya takardar cikin bas,
tagogi a buɗe, hayaƙin gonakin da aka ƙone
na shigowa yana fita.

A gida na tarar Amma na tankaɗe gari.
Tsohon matankaɗinta ya ɗan ɓule a gefe,
wuri bai kai ƙwayar gero ba,
tsaki ɗaya, biyu, na faɗawa cikin lallausan.
Na karɓa, na ɗaga shi saitin fitila.
Na ce, Baba, dubi ƙodarka.

Ya ce, ai ba ta ciwo.
Na ce, ba ta iya magana ba ne.
Ya ce, abin da bai hana ni ɗaukar adda ba
ba cuta ba ne.
Amma ta ce, haka Shiu ya faɗa.

Shiru ya sauko.
Kawu Shiu, sau uku a mako,
kwance gefen injin wankin ƙoda,
hannu duk tabo,
ruwan sha ma sai an auna masa da murfin kwalba.

Na ce, taka ba ta kai can ba.
Ɓarakar nan tana jin zare.
Akwai ƙwayar hawan jini mai sassauta mata kaya,
akwai rage loma, akwai tattaki zuwa gada da dawowa.
Ban yi masa alkawarin komai ba.
Aikina karanta lamba ne.

Da dare na ji shi a kicin.
Ƙarar cokali a bakin gwangwani,
sau ɗaya.
Na saurari na biyu.
Kwaɗi na ta kuka a lambatu.

Cikin ɓargonsa, yanzu haka,
ana haihuwar sababbin ƙwayoyi
waɗanda ba su ga komai ba tukuna.
A watan Fabrairu zan tambaye su.